Abubuwan da ya kamata ka sani game da tsofaffin maƙabartun Sikotlan da sassaƙar duwatsunsu

A garuruwa da ƙauyukan Sikotlan, ƙasar da ke arewacin tsibirin Birtaniya, da wuya a ga tsohuwar majami'a ba tare da maƙabarta ta kewaye ta ba. Wanda ya shiga irin wannan wuri zai tarar da duwatsu a tsaye jere-jere, wasu sun karkace, wasu gansakuka ta lulluɓe su. Idan ya duƙa ya duba da kyau zai ga ba rubutu kaɗai ke jikinsu ba. Ga ƙoƙon kan mutum, ga ƙasusuwa a gicciye, ga guduma da almakashi da bakin garma, ga kuma fuskar yaro mai fukafukai. Wanda ya saba da kabarin da ba a sa masa komai sai tudun ƙasa da 'yar alama zai yi mamaki, wataƙila ma gabansa ya faɗi. Su kuwa masu abin, magana ce suka rubuta da hoto, kuma tana da ƙa'idar karatu.

Mece ce wannan sassaƙa?

Mutanen Sikotlan suna kiran majami'a *kirk* da harshensu, filin da ke kewaye da ita kuma *kirkyard*. A da, kowace gundumar coci tana da nata filin, inda ake binne duk wanda ya mutu a gundumar, mai kuɗi da talaka. Iyali kan riƙe ɗan yanki guda su riƙa binne nasu a ciki, kaka da ɗa da jika, shi ya sa dutse ɗaya kan ɗauki sunaye shida ko fiye.

Sassaƙar da ake magana a kanta ta yi tashe daga ƙarni na 17 zuwa farkon na 19, ta fi bunƙasa kuma a ƙarni na 18. Ana kiran ta fasahar gargajiya saboda masu yin ta magina ne na gari, waɗanda ke gina gida da gada da katangar gona. Ba su je makarantar zane ba, galibinsu kuma ba su sa sunansu a jikin aikin ba. Ta fi yawa a kudanci da gabashin ƙasar, a yankunan Angus da Perthshire da Fife da Lothian da Ayrshire da Galloway. Tsibirai da tsaunukan yamma suna da wata tsohuwar al'ada daban, tun daga ƙarni na 14 zuwa na 16, ta shimfiɗa faffaɗan dutse mai hoton takobi ko jirgin ruwa a kan kabari, kamar yadda ake gani a Iona da Kilmartin. Wancan na shugabannin dangi ne da mayaƙa da manyan coci. A sassaƙar ƙarni na 18 kuwa, tela da masaƙi ma sun samu shiga.

Siffar duwatsun ta bi ƙarfin aljihu. Attajiri kan gina nasa a jikin katangar maƙabarta, dogo mai ginshiƙai. Mai ɗan hali kan ɗora faffaɗan dutse bisa ƙafafu kamar tebur. Mafi yawa kuwa shi ne ɗan tsayayyen dutse da ake kafawa a wajen kan mamaci, wanda sau da yawa bai wuce ƙugun mutum ba, kuma akan sassaƙa shi gaba da baya.

Abin da ya haife ta

Tushen maganar shi ne sauyin addini na 1560. A shekarar ce majalisar dokokin Sikotlan ta fita daga ƙarƙashin Fafaroma, ƙasar ta koma tafarkin Furotesta bisa jagorancin malamai irin su John Knox. Sabon cocin ya ɗauki gumaka da hotunan waliyyai a matsayin bautar wanin Allah, aka farfashe su, aka bar bangon majami'u wayam. Masu sassaƙar dutse suka rasa babban mai ba su aiki.

Sai kuma batun binnewa. A da, duk mai faɗa a ji yana son a sa shi a ƙarƙashin daɓen majami'a, kusa da wurin ibada. Sabbin malamai suka ce ɗakin ibada na masu rai ne, babban taron cocin kuma ya haramta binnewa a ciki a 1588. Manya ba su bari cikin sauƙi ba, har a 1606 limamin garin Lanark, William Birnie, ya rubuta littafi sukutum yana sukar al'adar. A hankali dai aka fitar da masu kuɗi waje, su kuwa da suka fito sai suka zo da son a san inda suke kwance. Da suka kafa nasu, na ƙasa da su suka yi koyi.

Manyan birane sun samu sababbin filaye a wannan lokaci daga lambunan gidajen sufayen Katolika da aka rushe. Sarauniya Mary, wadda ita kanta 'yar Katolika ce, ta ba Edinbara filin Greyfriars a 1562, ta ba Dundee filin da ake kira Howff a 1564. Su biyun suna cikin wuraren da aka fi zuwa kallon wannan sassaƙa a yau.

Akwai wani dalili mai zurfi fiye da waɗannan. A koyarwar sabon cocin, addu'ar masu rai ba ta sauya makomar wanda ya riga ya mutu, don haka aka hana yi wa mamaci addu'a, aka kuma so a binne shi ba waƙa ba karatu a bakin kabari. Tsofaffin duwatsu kan roƙi mai wucewa ya yi wa ran wane addu'a. Sababbin suka daina wannan roƙo, suka juya suna yi wa mai wucewar kansa gargaɗi, suna kuma shaida cewa wanda ke kwance mutumin kirki ne mai gaskiya. Wa'azin da limami bai yi a bakin kabari ba, sai dutse ya ɗauka. Abin lura shi ne cocin da ya kori hoto daga cikin gini bai bi shi waje ya hana ba, har ta kai maƙabarta ta zama kusan wuri ɗaya tilo da ɗan ƙauyen Sikotlan ke ganin sassaƙar addini.

Yadda ake karanta dutse

Galibin duwatsun ana karanta su ne daga ƙasa zuwa sama. Can ƙasa, dab da ciyawa, nan ake jera alamomin mutuwa: ƙoƙon kai, ƙasusuwan cinya biyu a gicciye, akwatin gawa, shebur da sauran kayan mai haƙa kabari. Akwai agogon rairayi, wato kwalba mai siririn ƙugu da yashi ke zuba daga samanta zuwa ƙasa don auna lokaci. Wani magini kan kwantar da shi a gefe, alamar yashin ya daina zuba, wani kuma ya sa masa fukafukai don a san kwana gudu yake yi. Akan ga mutuwa da siffar ƙwarangwal riƙe da mashi ko babban lauje. Sau da yawa akwai ɗan ƙyalle na dutse mai ɗauke da kalmomin Latin biyu, *memento mori*, ma'ana ka tuna za ka mutu.

Ɗaya daga cikin alamomin tana buƙatar bayani, wato 'yar ƙararrawar hannu. A da, idan an yi rasuwa, akwai ma'aikacin coci da ke zaga gari yana kaɗa ta, yana faɗin sunan mamaci da lokacin jana'iza, ranar binnewa kuma ya shige gaban masu ɗauke da gawa. Duk wanda ya ga hotonta a dutse ya san ƙarar da ake nufi, domin ya sha jin ta a ƙofar gidansa.

A can sama kuwa sai alamomin rai madawwami. Wadda ta fi kowace yawa ita ce fuska mai fukafukai biyu ba gangar jiki, wadda ke nufin ran mamaci yana tashi. A nan ne hannun kowane magini ke fitowa fili. Wata fuskar kumatunta sun cika kamar na jariri, wata ta yi tsawo ta murtuke, wata ma an sa mata irin hular gashin da manyan maza ke sawa a zamanin. Akwai mala'iku masu busa ƙahon tashin ƙiyama, wani lokaci har da matattu suna yunƙurowa daga kaburbura a ƙarƙashinsu. Akwai kambin sarauta da ganyen dabino, alamar sakamakon masu imani. Akwai kuma wata baƙuwar fuska da ganye ke tsirowa daga bakinta, wadda ta samo asali daga adon majami'un da, ta kuma tsallake sauyin addinin ba wanda ya tare ta.

Wasu 'yan gommai na duwatsu sun wuce alama sun shiga ba da labari. A Angus da Perthshire da Galloway akwai masu nuna Adamu da Hauwa'u tsaye a gindin bishiya, maciji ya nannaɗe ta, domin a koyarwar Kirista daga nan mutuwa ta shigo duniya. Maƙabartar Logierait na cikin inda ake ganin irinsu. Wasu kuma suna nuna Ibrahim ya ɗaga wuƙa a kan ɗansa, wanda a riwayar Baibul Ishaƙu ne, mala'ika na tare hannunsa, rago na maƙale a gefe.

Tsakiyar dutse: wurin sana'a

Tsakanin mutuwa a ƙasa da tashi a sama akwai rayuwar da mutum ya yi, kuma abin da aka zaɓa ya tsaya mata shi ne kayan aikinsa. Wannan ɓangare ne ya fi ba duwatsun Sikotlan suna. Masu sarauta suna da tambarin gida da suke gada, a zana cikin garkuwa. Mai sana'a sai ya ari garkuwar, ya cire zaki da gaggafa, ya sa abin da yake ci da shi.

Tela yana da almakashi da dutsen guga. Masaƙi yana da ƙoshiya, wani lokaci da masaƙar gaba ɗaya. Mahauci yana da gatari da wuƙaƙe, mai burodi yana da doguwar matarar da yake zura ƙullu cikin tanda da ita, kafinta yana da ma'aunin kusurwa. Manomi kan sa ƙarafa biyu na garmar shanu, wanda ke tsaga ƙasa da wanda ke yanka ta ta ƙarƙashi, wani ma a nuna shi kansa yana bin dabbobinsa a gona. A garuruwan bakin teku jirgin ruwa da anga ne ke cika maƙabarta. Ɗan kasuwa yana da alama mai kama da lamba 4, irin tambarin da fatake ke bugawa a jikin ƙunshin kaya, sau da yawa tare da sikeli. Maƙeri kuwa guduma yake sawa da kambin sarauta a bisanta, kuma duk mai aiki da guduma a kan ƙarfe yana da haƙƙin wannan tambari, daga mai yi wa doki takalmi har maƙerin zinariya da mai gyaran agogo. Badukun da ke ɗinka takalma ma suna ɗora kambi a kan wuƙarsu mai lanƙwasa.

Waɗannan tambura ba ado ba ne kawai. A wancan zamani, a biranen Sikotlan kowace sana'a tana da ƙungiya da hukuma ta sani, mai shugaba da ake zaɓa, kusan matsayin Sarkin Maƙera ko Sarkin Pawa a wurinmu, sai dai can ba gado ake yi ba. Ƙungiyar ce ke tantance wanda ya ƙware, ta hana bare buɗe shago, ta tallafi gwauruwa da marayun ɗan'uwa. Ita ke da baƙin mayafin da ake rufa wa akwatin gawar mambanta. A Dundee ƙungiyoyi tara na sana'a a cikin maƙabartar Howff suke taronsu, har zuwa 1776 da suka samu zauren kansu, kuma sunan Howff ɗin ma ma'anarsa mahaɗa. Mutumin da ya yi shekaru yana zama taro a tsakanin waɗannan duwatsu ya san sarai abin da yake so a sa a nasa.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Dutse kuɗi ne, kuma ɗan ƙodago da baran gona da almajirin masaƙa ba su da shi. Yawancin waɗanda ke kwance a kowace maƙabarta ba su da ko harafi ɗaya a kansu. Abin da duwatsun suka adana tarihin masu matsakaicin hali ne, waɗanda littattafan sarakuna suka tsallake, su ma kuma suka tsallake na ƙasa da su.

Magina da dutsensu

Irin dutsen da ke yanki shi ke yanke irin sassaƙar da za a samu. Angus da Perthshire da Lothian suna da dutse mai taushi da ya samu daga dunƙulewar yashi, wanda ƙarfe ke ci cikin sauƙi, shi ya sa hotunansu suka yi zurfi suka fito ɓaro-ɓaro. A Argyll akwai dutsen allo, mai karɓar siririn zane ya riƙe shi ɗaruruwan shekaru. Wajen Aberdeen kuwa giranit ne, dutse mai taurin tsiya, don haka adon can bai yi yawa ba.

Wanda ya zaga gundumomi uku ko huɗu da ke maƙwabtaka zai fara gane hannun mutum ɗaya, daga yadda yake yanka fukafuki ko yadda yake jera haƙoran ƙoƙon kai. Zai kuma ga kurakuransa: harafin N a juye, kalma ta ƙare a layi na gaba don wuri ya ƙure, harafin da aka manta an maƙala shi ƙarami a sama. Mutanen da ke jikin duwatsun kawunansu sun fi jikinsu girma, hannuwa kamar reshe. Wannan rashin gogewa ne ya sa ba a samun biyu iri ɗaya, kuma shi ne daɗin kallonsu. Da yawa a farkonsu fenti gare su, ruwan sama ne ya wanke ya bar launin toka da ake gani yanzu.

Wani lokaci maginin kansa ne mai makoki. A ɗakin ibada na Innerpeffray a Perthshire akwai dutsen 1707 da magini John Faichney ya yi wa iyalinsa. Ya sassaƙa kansa da matarsa, sa'an nan ya jera 'ya'yansu goma, ƙanana-ƙanana, kowanne da tufafinsa.

Maginin da ya fi kowa suna kuwa gyara ya fi yi. A ƙarni na 17 an yi rikici mai tsanani tsakanin sarakuna da masu riƙe da alkawarin da aka fara sa wa hannu a majami'ar Greyfriars a 1638, na kare tsarin cocinsu daga katsalandan ɗin sarki. An kashe da yawa daga cikinsu a duwatsu da dazuzzukan kudu maso yamma. Robert Paterson, wanda ya rasu a 1801, ya bar gida ya yi kusan shekara 40 yana yawo da dokinsa yana sabunta rubutun kaburburansu. Marubuci Walter Scott ya ɗauki laƙabinsa ya sa wa littafinsa na 1816, *Old Mortality*.

Ƙarafa da hasumiyoyi

Mai ziyara zai ci karo da wasu abubuwa da ba ruwansu da ado, kamar kejin ƙarfe a kan kabari ko 'yar hasumiya a bakin ƙofa. Kafin 1832, makarantun likitanci na Edinbara da Gilasgo da Aberdeen suna buƙatar gawa don koyar da tiyata, doka kuwa ba ta ba su sai ta masu kisan kai da aka rataye. Sai aka samu masu tone sabon kabari da dare su sayar. Jama'a suka mayar da martani da kejin ƙarfe mai nauyi da ake ɗorawa har gawa ta lalace, a cire a kai wa wani, da ɗakin gadi inda dangi ke kwana da fitila da bindiga. Hasumiyar maƙabartar St Cuthbert a Edinbara ta 1827 ce. A ƙauyen Udny an gina zagayayyen ɗakin dutse a 1832, da faifai mai juyawa a ciki: a sa sabon akwati a tura, kafin ya zagayo bakin ƙofa gawar ta wuce amfanin ɓarawo, sai a fitar a binne. Ginin bai daɗe yana aiki ba. Bayan wasu mutum biyu, Burke da Hare, sun kashe mutum 16 a Edinbara sun sayar wa likita Robert Knox gawarwakinsu, abin da ya tonu a 1828, majalisa ta yi dokar 1832 da ta ba makarantu gawar da ba mai nema, cinikin ya mutu.

Yadda ta shuɗe

Tun ƙarshen ƙarni na 18 masu ilimi suka fara ganin ƙoƙon kai da ƙashi a matsayin ƙauyanci. Littattafan zane da ake bugawa suka kawo tulu da labule da bishiya mai sunkuyar da rassa, magini ya koma kwafa. Garuruwa sun cika, tsofaffin filaye sun ƙure har suna barazana ga lafiya, aka koma buɗe manyan maƙabartu masu kama da lambu. Ta Gilasgo da ake kira Necropolis, wadda aka tsara bisa koyi da Père Lachaise ta Faris, an buɗe ta a 1833. A shekarun nan ne aka gano hanyar goge giranit da inji a Aberdeen, daga baya jirgin ƙasa ya kai shi kowane lungu. Howff ma aka rufe ta, aka daina binnewa a cikinta.

Amfaninsu da halin da suke ciki

Sai a 1855 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotlan. Kafin nan littattafan coci ne, na mutuwa kuma suna da giɓi mai yawa, har masu bincike kan koma lissafin kuɗin hayar mayafin gawa don gano ranar da wani ya rasu. Dutse kan cike wannan giɓi, musamman da yake matar Sikotlan da sunan gidan ubanta ake rubuta ta, ba na miji ba, abin da ke sauƙaƙa bin dangi ta wajen uwa. Hotunan kayan aiki kuma sun adana siffar garma da masaƙa da jirgin da babu sauran irinsu. Betty Willsher, wadda ta yi shekaru tana zaga maƙabartu da kyamara, ita ta jawo hankalin jama'a ga darajarsu da littattafanta na 1978 da 1985.

Dutsen da ya yi daɗin sassaƙa shi ne ya fi saurin lalacewa. Ruwa kan shiga tsakanin ɓawonsa, sanyi ya daskarar da shi ya kumbura, fuskar dutsen ta ɓamɓare gaba ɗaya ta faɗi da rubutunta. Hayaƙin kwal na shekaru ya ci wasu, saiwar itace ta tuge wasu, injin yankan ciyawa na gwabje na ƙasa, gyara da siminti kuma ya fi ɓarna domin yana tsare danshi a ciki. Yawancin filayen suna hannun ƙananan hukumomi, su kuwa duwatsun mallakar iyalai ne da tuni aka rasa inda zuriyarsu take. A 2010 asusun kula da kayan tarihi na duniya da ke New York ya sa tsofaffin maƙabartun Edinbara biyar cikin jerin wuraren da ke buƙatar ceto. A Perth an kwashe wasu mafiya kyau an sa su ƙarƙashin rumfa.

Duk wanda hanya ta kai shi can, ya je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ke zuwa ta gefe ya fito da abin da tsakar rana ke ɓoyewa. Ya zaga bayan kowane dutse, domin sau da yawa hoton yana can. Kada ya kankare gansakuka, kada ya goga alli don rubutu ya fito, kada kuma ya jingina da dutsen da ya karkace.